Wa Ya Ce Ba Ta Gasu Ba?

Bara, a darasin ilimin ma'anar kalmomi, an ba mu aikin hutu: kowa ya zaɓi fage guda na rayuwa, ya tattaro kalmomin da mutanen garinsu ke faɗi a kansa. Wasu sun ɗauki noman albasa, wasu kokawa, wani ya ɗauki zagi (shi ya fi kowa cika takarda). Ni na ɗauki jego, don na ga ba wuya. Hutun ya zo daidai da haihuwar yayata, wadda ta dawo gida Tama wankan ɗan fari. Na ce ga ni ga kalmomi, nawa kawai riƙe biro.

Abin da na fara lura da shi, kusan duk kalmomin daga bakin murhu suka fito. Mace in ta haihu, a ce jikinta ɗanye ne, sai an gasa ta. In ta cika arba'in ta fito da ƙiba da sheƙi, a ce ta gasu. In ta rame ko ta yi ta ƴan ciwace-ciwace, ba ta gasu ba. Na tambayi kakata ko gashin nama ake nufi. Ta harare ni, ta ce: "Ke dai ba ki da kai. Tukunya ta! Ɗanyar tukunya in kinka zuba mata ruwa mi za ta yi?" Narkewa za ta yi. To haka suke ganin mai jego: yumɓu ce da ba ta sha wuta ba. Abokin gabarta kuwa sanyi. Ba sanyin hunturu ba, wani abu ne mai shiga, mai kwanciya cikin ƙashi, mai tashi bayan shekaru ya hana tsohuwa miƙe baya. Duk aikatau ɗin da ke bin kalmar na abu mai rai ne.

In ka yarda da wannan hoton, sauran duk ya zama dole. Tafasasshen ruwa safe da yamma, ana tsoma ganye ana fyaɗa mata a jiki. Ɗaki a rufe, garwashi a kusa, a wasu gidajen har gadon ƙasa da ake hura wuta ƙarƙashinsa. Kunun kanwa, yaji, ruwan sha ma sai mai zafi. Ba mugunta a ciki ko kaɗan. Ni na ɗebo ruwan nan da kaina, na ga Inna tana tashi tun kafin kiran salla ta hura wuta, na ga yadda itacen da aka yi watanni ana tarawa ya ƙare cikin sati uku.

Wajen kwana ashirin da haihuwa ƙafafun yayata suka kumbura. Da dare sai tari, kuma ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango. Daga ɗaki zuwa makewayi sai ta tsaya ta huta. Gwaggo ta duba ta, ta ce sanyi ne ya same ta, ruwan bai yi zafi yadda ya kamata ba, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Na ce a kai ta likita. Aka ce mai jego ba ta fita, iska za ta shige ta. Mijinta yana bida a Abijan, kamar rabin mazan Adar; da aka same shi ta waya ya ce abin da manya suka gani shi ke nan. Kwana huɗu muna wannan jan, sai da numfashinta ya fara fita da ƙara sannan Baba ya sa baki. Daga likitar gari aka tura mu babban asibiti. Aka ce zuciyarta ce ta raunana, ruwa ya taru mata a huhu da ƙafafu. Aka ba ta maganin da ke sa fitsari, aka hana ta kanwa da gishiri, aka ce kada ta yi saurin sake ɗaukar ciki. Tana nan da ranta, alhamdu lillahi, tana shan magani har yau.

Na koma Yamai da fushi, na shiga neman hujjar da zan jefi su Gwaggo da ita. Na kuwa samu. Ciwon sananne ne, kuma a ƙasar Hausa aka yi ɗaya daga cikin manyan bincikensa. A 1978 wasu likitoci biyu da suka yi aiki a Zariya, Davidson da Parry, sun wallafa abin da suka gani a kan mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun ɗora zargi a kan kanwa da zafi. Bayaninsu mai shiga hankali ne: kanwa gishiri ce ta wani fanni, tana riƙe ruwa cikin jiki, jini ya ƙaru, zafi kuma yana sa zuciya ta ƙara gudu, ga ta dama ta sha wahalar wata tara. Na kwafe wannan cikin littafina har da jan layi biyu.

Da na tsaya nan, da wannan rubutun ya yi sauƙi. Sai dai na ci gaba da karatu. A 1992 wani likita da ya yi aiki a Yamai, Cénac, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa matan da ke da wannan ciwo suna da ƙarancin wani sinadari a jini, seleniyam, wanda daga abinci ake samunsa. A 2020 kuma Farfesa Kamilu Karaye na Kano da wasu likitocin zuciya suka fitar da binciken da suka yi a asibitoci da dama na Najeriya. Sun tarar ciwon ya fi yawa a arewa maso yamma, har a wani asibiti ya kai wajen mace 1 cikin haihuwa 96. Amma da suka gwada masu ciwon da marasa shi, ba su ga cewa al'adun jego ne ke raba su ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. A taƙaice, talauci.

Wannan ya kashe mini baki na ƴan kwanaki. Ba wai kanwa ta zama magani ba ce. Likitan yayata ya hana ta, kuma duk mai kumburi ko hawan jini gishiri ba abokinsa ba ne. Ruwan da ke saluɓe fata ma bai buƙatar wani bincike, ido ya isa. Amma hukuncin da na yanke, cewa su Gwaggo ne suka jawo mata ciwon, ba ni da ikon yanke shi. Mu ƴan boko muna da wata ɗabi'a: da mun ji an ce al'ada ce ta yi kisa sai mu yi na'am tun ba mu duba ba, don labarin yana sa mu ji mun fi iyayenmu.

To ina laifin yake, in akwai shi? Na daɗe ina juya abin, kuma ga inda na tsaya. Abin da ya kusa kashe yayata kwana huɗun nan ne, kuma kalma ce ta jawo su. "Sanyi" ya riga ya ba kumburin suna, ya ba tarin suna, ya kuma faɗi maganinsu. Ciwon da aka san sunansa da maganinsa a gida, wa zai hau kabu-kabu ya kai shi likita? Ku duba yadda tsarin yake rufe kowace ƙofa. In mai jego ta tashi lafiya, wanka ne ya yi aiki. In ta kwanta ciwo, wankan ne bai isa ba. In ta rasu, kwana ne ya ƙare. Ba wani abu da zai faru da ita wanda zai sa a ce, wataƙila mun yi kuskure. Fahimtar da ba abin da zai iya ƙaryata ta, ko da gaskiya ta fara, ta daina sauraro.

Kuma wadda aka daina saurara ita ce mai jikin. Tukunya ba ta magana. Magini ne ke ƙwanƙwasa ta ya ce ta gasu ko ba ta gasu ba. Ku lura da nahawun kanta: ana yi mata wanka, ana gasa ta, ana ba ta kunu, ana hana ta fita. A duk jimlolin da na tattara, da wuya ka ga mai jego a matsayin mai aikatawa. Aikinta guda ne, dauriya. Ga kunyar ɗan fari a kai, wadda ta hana ta ko kallon jaririn a gaban mutane, balle ta ce ƙirjina ya yi nauyi. Daga baya yayata ta faɗa mini tun kwana na goma take jin numfashinta ba daidai ba. Na ce mi ya hana ki faɗi? Ta ce: "Sai su ce raki gare ni." Tambayar da nake son mu yi, mu matasa, ita ce wannan: daidai ne a ce wadda za ta ɗauki haɗarin ita ce ta ƙarshe da za a tambaya?

Za a ce mini addini ne. Na tambayi wani malami a unguwarmu, na kuma duba Risala da kaina. Abin da fiƙihu ya yi magana a kai jinin biƙi ne: yaushe mace za ta yi wankan tsarki ta koma salla. A mazhabarmu ta Malikiyya ma iyakarsa kwana 60 ne, ba 40 ba, kuma in ya ɗauke da wuri ta yi wanka ta yi salla. Ba zancen tafasasshen ruwa, ba zancen kanwa, ba kuma hana mara lafiya zuwa neman magani.

Za a kuma ce haka muka tarar tun kaka da kakanni. A nan abin dariya ne ya zo mini. Ganyen da Inna ke fyaɗa ruwan da shi na dogon yaro ne, wanda wasu ke ce wa bedi. Itacen nan baƙo ne, daga Indiya asalinsa, zamanin Turawa ya bazu a ƙasashenmu, kuma layukansa da ke tare iska a kwarin Majiya daga 1975 aka fara dasa su. Kakar kakata ba ta san shi ba. Ke nan wata rana wata tsohuwa ta dubi sabon ganye ta ce wanga ma ya yi, kuma sama ba ta faɗo ba. Al'adar tana canzawa, sai dai ba ta son a kama ta tana yi.

Ban ce a watsar da jego ba, kada wani ya karanta rabi ya tafi da shi. Ku faɗa mini wani lokaci a rayuwar macen karkara da ake ce mata zauna: kada ki yi daka, kada ki je rijiya, kada ki je gona, ga nama, ga ƙauri, ga mai riƙe miki yaro, miji ma ya ja da baya. Kwana arba'in ɗin nan kaɗai ne. Na ga matan ma'aikata a Yamai da ke tashi wanki kwana biyar da haihuwa, su kaɗai cikin gidan haya, ba mai ko ɗora musu ruwa. Wannan ba ci gaba ba ne. Kuma kakanninmu sun gane wani abu na gaskiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ma kwana 42 take ƙirgawa bayan haihuwa a matsayin lokacin haɗari. Bambancin, ita ta ce a duba mai jego cikin awa 24 na farko, da kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da sati na 6. Su sun ce lokacin na da haɗari, saboda haka kada ta fita. Likita ya ce lokacin na da haɗari, saboda haka a gan ta. Tsoro guda ne, hukunci biyu.

Abin da zan roƙa kaɗan ne. Ruwa ya zama mai ɗumin da hannun mai yin wankan zai iya jurewa. Kanwa a rage, mai hawan jini kuwa a hana ta. A cire zuwa awo daga cikin abin da ake kira fita. Kumburin ƙafa, haki, ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, jinin da ya ƙi tsayawa: waɗannan a daina kiransu sanyi sai likita ya gani. Ku kuma samari da ke karanta wannan, wata rana ku za a kira ta waya daga gida. "Abin da manya suka gani" amsa ce mai sauƙi ga wanda ke nesa. Ka ce a ba ta wayar, ka tambaye ta da bakinta.

Hutun da ya wuce na karanta wa Inna wasu daga cikin abubuwan nan, muna tsince wake. Ta saurara har ƙarshe, abin da ban zata ba. Zancen dogon yaro ya ba ta dariya, ta ce su da ganyen sabara suka tashi. Zancen kanwa ta ce ai tun abin da ya sami yayarki ta rage. Sai na yi ƙarfin hali na ce, to ni in nawa ya zo, ni zan riƙa taɓa ruwan kafin a zuba mini. Ta ɗago ta dube ni, ta ce: "Ki samo mijin tukuna." Ta miƙo mini faifan, ta tashi duba tukunya.