Me Kake Karantawa Bayan Girbi?

Ya ɗan'uwa, idan an gama yankan hatsi, an cika rumbu, samari da 'yan mata na Dogondutsi da Tibiri sukan sami hutu. Da yawa sukan ɗauki littattafan soyayya. Karatu ba zunubi ba ne, amma abin da ido ya sha, zuciya takan ajiye.

Fara da Littafin Rut, sura 4 kaɗai. Gwauruwa ce daga Mowab, ta bi surukarta Na'omi zuwa Baitalami, ta yi kala a gonar Bo'aza, ya aure ta. Daga zuriyarsu aka haifi Sarki Dawuda.

Idan kana jin Faransanci, nemi Quo Vadis, wanda Henryk Sienkiewicz ya fitar a 1896. Labarin wani hafsan Roma ne a zamanin da Nero yake tsananta wa masu bi. Ya so ya ɗauke wata budurwa Kirista da ƙarfi. Sai da ya tuba, ya karɓi Almasihu, ya san ƙauna ta gaskiya.

Auna kowane littafi da Filibiyawa 4:8. Wanda yake hura wutar sha'awar jiki, ajiye shi. Kai fa, wace ƙauna ce take mulkin zuciyarka? Zo wurin Yesu yau.