Aikin Agaji Da Tsoron Riya

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, da kai muke magana, kai da ka shiga ƙungiyar 'yan agaji ta unguwarku, aka ɗinka maka kaki, aka ba ka hula da usur. Ka san yadda makonku yake tafiya. Ranar Juma'a ku ne a bakin masallaci kuna jera motoci da babura, kuna gyara sahu. Asabar da safe a yashe lambatu ko a nome ciyawar maƙabarta. Lahadi a yi fareti, sa'an nan a wuce asibiti gai da marasa lafiya, wani lokaci har a ba da jini. In lokacin Hajji ya zo, ku ne a sansanin alhazai kuna ɗaukar wa tsofaffi kaya.

To, ga tambayar da take damun samari masu tsoron Allah. Sai ka ji ɗaya ya ce: "Malam, in na sa kakin nan sai in ji ina son a gan ni. In aka ɗauki hoto sai in duba ko na fito. Ashe ba gara in zauna a gida ba, da in yi aikin da zai zame mini hujja a kaina gobe kiyama?"

Ka sani wannan tsoro yana da tushe. Suratul Ma'un ta haɗa masu riya da masu hana ɗan taimakon yau da kullum a cikin zargi ɗaya. Kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira labarin mutum uku da za a fara yi wa hukunci: mayaƙi, da mai ilimi, da mai kyauta. Ayyukansu manya ne, amma kowannensu ya yi ne don a faɗa, aka kuwa faɗa a duniya, ladan ya ƙare a nan. Ko a duniyar ma aikin ganin ido ba ya ɗorewa. Tambayi iyayenka zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin Janar Buhari, 1984 zuwa 1985, lokacin da ake bin layi ana share gari don tsoron soja. Da idon mai bulala ya kau, da yawa suka ajiye tsintsiya.

Amma fa barin aikin ba shi ne magani ba. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyad, wanda ya rasu a Makka a shekara ta 187 bayan Hijira, cewa wanda ya bar aikin alheri saboda mutane, shi ma riyar ya yi. Dalili kuwa, har yanzu mutanen yake kallo. In Shaiɗan ya kasa hana ka da kasala, sai ya zo maka da rigar taƙawa, ya ce koma gida kada ladanka ya ɓaci. Ka duba wanda zai biya kuɗin wannan taƙawa taka. Lambatun da ba a yashe ba zai cika da damina, ruwa ya shiga gidaje, ya gurɓata rijiya, amai da gudawa ya kama yaran maƙwabta. Gawar baƙon da ba shi da kowa a asibiti tana jiran masu wanka da haƙa kabari, alhali wannan farilla ce ta kifaya, watau in kowa ya bari duk gari ya yi laifi. Me za ka ce ranar nan? Ka ce kana gida kana gyaran zuciya?

A cikin aikin ake gyara niyya. Ga abu uku da za ka riƙe.

Na ɗaya, kowane mako ka zaɓar wa kanka aiki guda da ba mai gani: wanke bayan gidan masallaci kafin Asuba, ko kai wa wata tsohuwa ruwa ba tare da kaki ba. In ka ji ya fi maka nauyi a kan tsayuwa bakin titi ranar Juma'a, to ka gane inda ciwon yake, sai ka dage a nan. Tuna matar da take share masallacin Annabi (S.A.W.), wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa shi da kansa ya nemi labarinta, ya sa aka nuna masa kabarinta, ya yi mata salla.

Na biyu, ku tsare mutuncin wanda kuka taimaka. Kada ku tsayar da maraya ko bazawara riƙe da buhun shinkafa kuna ɗaukar hoto don a sa a Facebook. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

Na uku, ku bambance abin ɓoyewa da abin bayyanawa. Sunanka ka ɓoye shi iyakar iyawarka, amma littafin kuɗin ƙungiya a karanta shi a gaban kowa a taron mako: nawa aka tara, nawa aka kashe, a kan me. Wanda ya ce kada a tambaye shi lissafi wai don Allah yake yi, ku yi hattara da shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, Asabar mai zuwa ɗauki shebur ɗinka ka fita. In son yabo ya taso maka, nemi gafarar Allah, ka ci gaba da yasa har lambatun ya buɗe. Allah Ya tsarkake niyyarmu, Ya karɓi ɗan abin da muke yi, amin.