Amanar Dattijo da Amanar Gaskiya

Duk wanda ya shiga neman digiri na uku a fannin tarihi a jami'o'inmu, akwai ranar da zai bar ɗakin karatu ya nufi zauren wani dattijo. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa fura, ya kunna rikodar wayarsa, tsoho ya shiga ba shi labarin kafuwar gari da jerin sarakunansa. Bayan wata biyu sai ga shi a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ya buɗe rahoton wani Di'o, ya tarar da abin da tsoho ya tsallake: ashe unguwar da ake alfahari da ita rinjin bayi ce a da. To, me zai rubuta?

Kada mu ɗauki tambayar da wasa. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga watan Afrilun shekarar ne kawai, bautar kanta kuwa sai a 1936 doka ta soke ta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ke nan maganar kakannin mutanen da muke gaisawa da su a kasuwa ake yi. Har yau kuma ana binciken asali kafin a ba da aure. Layi ɗaya a cikin kundi na iya fasa baiko, ko ya hana wani gida sarauta.

Zuciya za ta ce ya yi shiru, ai ya sha furarsu. Amma idan kowane ɗalibi ya share abin da zai sosa ran mai masaukinsa, tarihinmu ya koma kirari ke nan. Maroƙi na da sana'arsa, kuma bai ɓoye wa kowa cewa yabo yake yi ba. Wanda za a kira dakta kuwa alkawarin auna hujja ya ɗauka. Da shiru ne mafita, da Abdullahi Smith bai fito a 1970 ya ce labarin Bayajidda bai isa ya bayyana yadda daulolin ƙasar Hausa suka kafu ba.

Sai dai awon yana hawa kan kowa. Yusufu Bala Usman, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a kan tarihin Katsina, ya dage cewa rubutun Bature ma sai an tuhume shi kamar yadda ake tuhumar labarin baka. Di'o ta bakin tafinta ya ji magana, hankalinsa kuma na kan haraji. Don haka kafin ɗalibi ya ce tsoho ya ɓoye, ya fara tabbatar da cewa takardar ba ta yi kuskure ba.

Idan hujja ta tsaya, a ganinmu dole ya rubuta. Amma faɗin gaskiya daban, tonon silili daban. Tarihi na bukatar sanin cewa an yi rinji a wurin, da yadda ake noma gandu, da yadda bawa ke fansar kansa. Da wuya ya bukaci sunan gidan da jikoki ke zaune a yau. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sakaya suna sutura ce, sauya abin da ya faru kuwa cin amana ne, kuma waɗanda aka bautar su ma suna da haƙƙin kada a shafe wahalarsu.

Saura abu ɗaya da muka cika mantawa. Akan rubuta kundi da Turanci, a kare shi a gaban malamai, a jera shi a kanta, tsoho ya rasu bai ji abin da aka yi da maganarsa ba. Kamata ya yi ɗalibi ya koma zauren nan kafin ranar kare kundi, ya ce, "Baba, ga abin da na samo," ya karanta masa da Hausa. Wataƙila tsoho ya musa, sai a rubuta musun nasa, shi ma hujja ne. Wataƙila kuma ya yi shiru, ya nisa, sannan ya ba da ragowar labarin.