Wa Ke Zaune Kusa da Yaro Sa'ad da Yake Kallo?

Wata gardama ta tashi a tsakaninmu a Zango ran wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, har rana ta take ba a rabu ba. Mun ga ya kamata mu kawo ta cikin wannan takarda, gama abin da ya haddasa ta yana cikin aljihun samarinmu da yawa, daga Zango zuwa Daura har ƙetaren iyaka cikin ƙasar Nijar.

Asalin maganar wani fim ne na Amurka mai suna Guardians of the Galaxy, watau masu tsaron taurari. Kamfanin Marvel ne ya fitar da shi a shekarar 2014, James Gunn ya ba da umarni, an kuwa ɗauko labarin daga littattafan nan da ake ba da labari cikinsu da zane. An yi kashi na biyu a 2017, na uku a 2023. Jaruman su biyar ne, masu laifi da suka haɗu a kurkuku, suka zama abokai, suna yawo cikin kumbo daga wannan duniya zuwa waccan. A cikinsu akwai wata 'yar dabba mai bakin tsiya da ake kira Rocket, da wani itace mai tafiya da ƙafa mai suna Groot. Duk wanda ya ga waɗannan biyu zai rantse abin yara ne.

Wani saurayi ya kai wayarsa wurin masu turi a kasuwa, aka zuba masa kashi ukun duka, da dare ya bar wa ƙannensa ita ya fita hira. Ɗaya daga cikin yaran ɗan shekara bakwai ne, ɗan riƙo, wanda uwarsa ta rasu a asibiti shekara biyu da suka wuce. Can cikin dare ya farka da ihu, aka yi lallashi har asuba. Uwar riƙonsa, wadda yayar marigayiyar ce, ita ta kawo ƙara. Ta ce, "Malam, a gaya wa iyaye su hana. An ruɗe mu da dabba mai magana, ashe ciki duka ne da harbi da rashin kunya." Malamin da take magana da shi, mai koyarwa a makarantar firamare, ya amsa mata da ladabi ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ni da 'ya'yana muka kalle shi. Da itacen nan ya lulluɓe abokansa da rassansa ya mutu domin su tsira, babban ɗana ya juyo ya tambaye ni ko akwai mutumin da zai iya haka. Mun kai tsakar dare muna magana."

Mutane suka rabu biyu, kowa ya bi wanda ya fi kwanta masa a rai. Mu kuwa da muka koma gida muka auna, sai muka ga dukansu biyu gaskiya suka faɗa, fim ɗaya kuma suka gani. To, in haka ne, tambayar da aka yi ta maimaitawa, cewa ko fim ɗin ya dace da iyali, ita ce ke da gyara.

Mutanen da suka yi fim ɗin ma sun yi irin wannan gardama. A Amurka ana ɗora wa fina-finai alama ta shekaru, kashi ukun nan kuma duka an ba su alamar PG-13, watau gargaɗi ga iyaye cewa akwai abin da wataƙila bai dace da yaron da bai kai shekara 13 ba. Ita kanta alamar kukan iyaye ne ya haife ta. A 1984 aka fitar da Gremlins da wani fim na Indiana Jones inda aka nuna ana ciro zuciyar mutum da ransa. Iyaye suka kai 'ya'yansu bisa amincewa da tsohuwar alama, suka fito da fushi, kafin shekarar ta ƙare aka ƙirƙiro sabuwa. Da kashi na uku na namu fim ya fito a 2023, iyaye da dama a can sun koka cewa 'ya'yansu sun fita daga silima da hawaye, saboda an nuna Rocket yana ƙarami a cikin keji, wani azzalumi yana yanka jikinsa da na wasu dabbobi yana ɗinkewa domin gwaji, daga baya aka kashe abokansa a gabansa. Waɗansu kuwa suka yaba, suka ce babu abin da ya koya wa yara tausayin dabba kamarsa. A nan gida muna da hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, Jihar Kano ta kafa tata a 2001. Amma abin da mai turi ya zuba a waya ba ya bi ta ƙofar kowace hukuma, ba ya zuwa da kwali balle alama.

Ko da ma alamar ta iso mana, mudun wani gida ne aka auna da shi. Masu aunawa suna ƙidaya ashar, da jini, da tsiraici, da shaye-shaye. Kashi na uku ya yi suna a can domin a cikinsa aka fara furta wata babbar ashar ta Ingilishi a wannan jerin fina-finai na Marvel. Yaranmu kuwa kalmar ta wuce su kamar iska. Abin da ya tsaya wa uwar riƙon nan a rai, da ta karɓi wayar ta duba, shi ne inda jarumin ya yi wa jami'an tsaro daƙuwa irin ta Turawa, aka shirya wurin domin a yi dariya, ba wanda ya tsawata masa. Ita ta san abin da take renon yaro a kai, kuma tana da hujja.

Amma akwai abin da ba a ambata ba a duk gardamar ranar, mu kuma muna zaton shi ne ya ta da yaron daga barci. Fim na farko ba da faɗa ya fara ba. Ya fara ne a ɗakin asibiti a shekarar 1988. Wani yaro mai suna Peter yana tsaye gaban gadon uwarsa, ciwon daji ya cinye ta. Ta miƙa masa hannu ta ce ya kama, tsoro ya sa ya kawar da kai, kafin ya juyo ta cika. A wannan wuri babu jini, babu ashar, babu bindiga, mai ƙidayar laifuffuka ba zai sami abin rubutawa ba. Ga 'ya'yan malamin makaranta, waɗanda uwarsu ke tuƙa tuwo a bayan ɗaki sa'ad da suke kallo, mafarin labari ne kawai. Ga maraya ɗan shekara bakwai, cikin duhu, ba babba a kusa, ɗakin da ya sani ne aka sāke buɗe masa. Wace hukuma ce a Abuja ko a Amurka za ta san wannan? Sai wanda ya san yaron.

Mu mutanen ƙasar Daura bai kamata mu yi kamar ba mu taɓa ba yara labari mai ban tsoro ba. Kowane yaro a nan ya san macijin rijiyar Kusugu wanda ya hana mutane ɗibar ruwa sai ran Juma'a, ya san Bayajida ya sare masa kai da dare. A tatsuniyoyin da muka tashi da su Dodo yana haɗiye mutane, kishiya tana azabtar da 'yar marainiya, Gizo yana ƙarya da sata ya kuma sha da ƙyar. In da za a ɗora wa waɗannan alama, da ba su tsira ba. Me ya sa ba su lalata mu ba? Domin mai ba da labarin tana da ido. Kaka tana faɗa tana duban fuskokin jikokinta a farin wata. In ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa a jikinta, sai ta gajarta wurin Dodo, ta jawo waƙa, ta sa a yi amshi. In akwai marainiya a cikin masu sauraro, ta san labarin da za ta tsallake a daren. In Gizo ya yi rashin kunya, ƙwafar da za ta yi ta isa hukunci. Da ta ce ƙurunƙus, yaro ya san an rufe ƙofar, yana kuma kwance a cinyar wadda ta rufe ta. Waya ba ta ganin fuskar kowa. Yadda ta nuna wa ɗan shekara ashirin, haka za ta nuna wa ɗan shekara bakwai, ba ragi.

Dattawanmu za su tuna cewa a hankali abin ya matso. Da fari majigi ne a fili, gari duka a zaune, hakimi a gaba. Sai gidajen silima, irin Rex da aka buɗe a Kano a 1937, waɗanda mutanen kirki da yawa suka ɗauka wurin 'yan iska ne, suka hana 'ya'yansu zuwa. Sai bidiyo ya shigo da fim cikin ɗaki, wajen lokacin da aka yi Turmin Danya a 1990, amma akwatin ɗaya ne, uwa na iya miƙa hannu ta kashe. Yanzu ya shiga aljihu, ya shiga ƙarƙashin bargo. A kowane mataki hoton yana ƙara kyau, manyan da ke zaune kusa da yaro suna raguwa.

Ikilisiya ta yi magana kan wannan tun kafin a haifi yawancinmu. A takardar Inter Mirifica, wadda Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar ran 4 ga Disamba 1963, an yarda cewa nuna mugunta cikin labari yana iya taimakon mutum ya fahimci halin ɗan Adam, muddin an yi shi da kamewa. A cikin takardar kuma aka ɗora wa iyaye nauyi mai girma na lura da abin da ke shiga gidajensu. Malamin makaranta yana iya jingina da magana ta fari, uwar riƙo da ta biyu, amma a takarda ɗaya aka rubuta su.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Uwar da ta wuni a gona ko a kasuwa, ta dawo ta hura wuta, ina ta ga sa'a biyu na zama gaban waya? Da yawa cikinmu ba ma jin Ingilishin da ake yi a ciki. Wayar ma ba tamu ba ce, ta babban yaro ce, ya fi mu sanin hanyoyinta. Duk wannan gaskiya ne, ba kuwa za mu ɗora wa gajiyayyu laifi ba. Sai dai mu lura cewa uwar riƙon nan ba ta jin Ingilishi, amma cikin 'yan mintoci ta gane daƙuwa, da ta ga ɗakin asibitin kuwa ba ta bukaci tafinta ba. Saurayin da ya bar wayar shi ma babba ne a wurin ƙannensa. Da ya zauna, da ya ga fuskar yaron tun a minti biyar na fari. A gidajenmu reno bai taɓa zama aikin mutum ɗaya ba, yayye da gwaggo da kaka duk suna ciki, kallo ne kaɗai muka bar wa yara su yi su kaɗai.

Ba kuma za mu ce zama kusa yana gyara kome ba. A ganinmu wuraren kejin nan na kashi na uku sun fi ƙarfin ɗan shekara shida ko bakwai, ko da a cinyar uwarsa yake, a jira ya ƙara girma. Wani ya yi mana dariya a kan wannan, ya ce yaran da ke riƙe ƙafar akuya ran Kirsimeti, suna kallon ragunan maƙwabta ran Babbar Sallah, su ne za su ji tsoron dabbar fim? Amma yaro ya san bambancin. A wurin yanka akwai manya, an wasa wuƙa domin kada dabba ta wahala, an ambaci sunan Allah, za a kuma raba naman. Abin da ke cikin kejin azaba ce da mai ƙarfi ke yi wa marar ƙarfi, yana kuma kiranta gyara. Yaron da ya yi kuka a kan wannan, zuciyarsa lafiya take.

Bayan mako biyu muka sāke haɗuwa da uwar riƙon a bakin rijiya. Ba ta sauya ra'ayi ba, har yanzu ta hana a kunna fim ɗin a gidanta. Amma ta gaya mana cewa ta kira yaron da rana, ta zaunar da shi, ta tambaye shi abin da ya gani. Bai ambaci harbi ba, bai ambaci keji ba. Ya tambaye ta ko uwarsa ta nemi hannunsa ranar da ta rasu, gama shi an bar shi a gida, ba a je da shi asibiti ba. Shekara biyu yana ɗauke da wannan tambaya, ita kuwa da ke gefen gadon a ranar ba ta taɓa sanin yana bukatar amsa ba. Ta ce ta ba shi labarin ranar duka, tun daga safe, har abincin da ke kan wuta ya kama.