Tsohon Haske da Ladabin Muridi Wajen Tafakkuri

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ƙagi sammai da ƙasa ba tare da wani samfuri ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A shekarar 1964, masana biyu a Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson, suna aiki da wata ƙatuwar eriya a garin Holmdel, sai wani ɗan shuuu ya addabe su. Duk inda suka juya eriyar, dare ko rana, yana nan. Suka zargi na'urarsu. Suka tarar tantabaru sun yi sheƙa a ciki, suka fitar da su, suka wanke kashin. Shuuu bai gushe ba. Sai da labari ya isa ga Robert Dicke da abokansa a jami'ar Firinston, masu neman wannan abu da gangan, sannan aka gane cewa sauran hasken farkon kaunu ne. An bai wa mutanen biyu kyautar Nobel a 1978.

A lissafin masana, shekarun kaunu sun kai miliyar 13 da miliyan 800. Da fari zafi da cunkoso sun hana haske tafiya, kamar fitila cikin hazo mai kauri. Bayan kimanin shekara 380,000 abin ya huce, haske ya sami hanya. Shi ne yake isowa har yau, sai dai buɗewar sarari ta miƙe shi, ido ba ya ganinsa, sanyinsa ya kai wajen digiri 270 ƙasa da sifiri. Taurarin ɗan Adam uku sun auna shi: COBE da aka harba a 1989, WMAP a 2001, Planck a 2009. Sun iske shi kusan daidai a kowace fuska, bambancin bai wuce kashi 1 cikin 100,000 ba, kuma daga wannan ɗan bambanci taurari suka taru daga baya.

Suratu Ali Imrana ta yabi masu haɗa zikiri da tunani cikin halittar sammai da ƙasa. Saboda haka muridi ba ya wuce irin wannan labari hannu rabbana.

Da farko ya dubi wankin eriyar. Mutanen nan ba su yarda da abin da suka ji ba sai da suka tsabtace wurin saurare. Haka zuciya take. Wanda hassada da riya suka yi wa sheƙa a ƙirji ba ya iya bambance waswasi da ilhama, shi ya sa istigfari yake gaba a wuridi. Sannan ya lura cewa saƙon yana hannunsu, amma ma'anarsa sai da suka je ga wanda ya sani. Muridin da ya ga wani abu a mafarki ko a halwa, ya fassara wa kansa bai kai wa shehinsa ba, ya ɗauki hanyar ɓata.

Akwai kuma ramuka biyu da matasa ke faɗawa. Wani ɗalibi yakan ji wannan bincike ya ce an gano asalin komai, ba sauran buƙatar Mahalicci, har ya fara jin nauyin zama a wazifa. Alhali masanan da kansu sun ce abin da ake gani, taurari da duwatsu da jikin ɗan Adam, kusan kashi 5 cikin 100 ne na abin da ke kaunu. Sauran sunan "duhu" suka laƙaba masa don ba su san haƙiƙarsa ba. Hasken nan ma katanga ne, na'urar hangen nesa ba ta ganin abin da ke bayansa. Suratul Kahfi ta riga ta sanar cewa Allah bai halarto da su ba lokacin halittar sammai da ƙasa.

Rami na biyu ya fi ruɗi, don da rigar soyayya yake zuwa. Wani ɗan'uwa yakan yi zumuɗi ya yaɗa a WhatsApp cewa Turawa sun gano Nurul Muhammadi. Wannan rashin ladabi ne. Hasken da aka auna halitta ce mai zafi da sanyi, ya zo a makare, yana kuma raunana kullum. Abin da magabata suke nufi da hasken Shugaba, sallallahu alaihi wa sallam, ba ya shiga ma'auni, eriya ba ta kama shi. Wanda ya ɗaure imaninsa ga lissafin yau, ranar da aka gyara lissafin imaninsa zai girgiza tare da shi.

Hanyar tsira ita ce muridi ya karanci ilimin nan da kyau, ya ba shi matsayinsa na aya cikin ayoyi, ya ƙara tsoron Allah da shi, ya koma ga tasbaharsa. Tun kafin a haifi kakanninsa hasken nan yake sauka a kan rufin zawiya ba wanda ya sani. Falalar Allah da bawa bai lura da ita ba ta fi haka yawa.

Allah Ya wanke zukatan ƴan'uwa, Ya ba su ilimi mai amfani da ladabi, albarkar Shugaba. Amin.