Ɗana, Ka Tsare Zuciyarka

Ɗana, zan yi maka magana a kan kwanciyar hankali, kuma na san inda kake zaune. Na san kafin ka hau hanyar Tsafe zuwa Funtuwa sai ka dubi rana, ka tambayi direbobi a tasha ko hanya ta yi kyau. Na san akwai gonaki a ƙauyukan Bungudu da suka yi shekaru ba su ga fartanya ba, wasu manoman kuma sai sun biya 'yan bindiga kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. Na san inda kuɗin tiyar masara ya kai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Duk wanda zai ce maka ka share komai ka yi ta dariya, bai san Zamfara ba, kuma ni ba zan ce maka haka ba.

Abin da nake tsoro shi ne a kore mana shanu, a hana mu gona, sannan mu da hannunmu mu ƙara musu da zukatanmu. Shanu da gona sai hukuma ta tashi tsaye za su dawo. Zuciya kuwa kiwonta yana hannunka, kuma kullum ake yin sa, daga asuba zuwa kwanciya.

Malamanmu sukan kawo hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ƙidaya abu uku da suka ishi bawa ya ji duniya ta taru a hannunsa: aminci a gidansa, lafiya a jikinsa, da abincin yininsa. Ka lura babu mota a ciki, babu bene. Na farkon ne ya girgiza a ƙasarmu, kuma neman sa daga masu mulki haƙƙinka ne; haƙuri bai hana ka buɗe baki ka ce an zalunce ka ba. Amma ranar da Allah ya haɗa maka ukun nan, ka san ya haɗa maka su. Da yawanmu muna kwana lafiya, mu tashi lafiya, mu karya da koko da ƙosai, amma mu wuni da ƙunci saboda abin da bai riga ya zo ba. Ka saba wa harshenka, bayan sallar asuba, ya ambaci abin da ka samu jiya da sunansa: yaro ya warke daga zazzaɓi, an biya ka bashin da ka cire rai, ruwa ya sauka a kan lokaci. Godiyar da ba ta ambaci komai ba saurin zama al'adar baki take yi.

Sai maganar waya, wadda zan ɗan daɗe a kanta. Ka tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar nan, aka rufe kasuwannin mako. Gusau ta yi kusan wata guda babu waya, wasu ƙananan hukumomin suka fi haka daɗewa. An sha wuya ƙwarai: ciniki ya tsaya, mutane suna tafiya har Funtuwa don su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi. Ba na fatan a maimaita. Sai dai na lura da wani abu a unguwarmu a kwanakin: bayan isha'i tabarmi sun dawo ƙofar gida, wanda ke son jin lafiyar ɗan'uwansa sai ya taka ya je, kuma ni kaina barcina ya fi nauyi. Hatsarin bai ragu ba, abin da ya ragu shi ne yawan kallonsa. Yanzu fa? Mutum ya kwanta, wayar tana kan ƙirjinsa, an turo masa bidiyon gawarwaki a WhatsApp, ya kalla, ya tura wa wasu ashirin, wani lokacin ma hoton na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Sannan ya yi mamakin bugun zuciya da hawan jini. Sanin halin hanya wajibi ne, ka tambayi wanda ka yarda da shi. Amma kallon gawar Musulmi sau goma bai ƙara maka tsaro ba, kuma bai girmama mamacin ba. Ka yi masa addu'a, ka goge. Ka sa wa kanka doka: ba waya kafin sallar asuba da azkar, ba waya bayan ka shiga ɗaki.

Akwai wani dattijo da rikici ya taso daga wani ƙauye a bayan Tsafe, yana zaune da iyalinsa a wani kango a Gusau. Da can mai rumbu ne da garke. Yanzu da hantsi za ka same shi a inuwar bango ya tsefe tsofaffin buhuna, ya maƙale bakin zaren a babban yatsan ƙafarsa, yana murza igiya a cinya. Idan ta yi tsawo ya naɗe, jikansa ya kai wa masu awaki. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Na taɓa ce masa, "Baba, da ka huta." Ya ce, "In na aje hannu, tunani ka ɗauka ta." Ka riƙe wannan. Zaman banza shi ne gidan baƙin ciki. Ko digiri gare ka daga Jami'ar Tarayya ta Gusau kana jiran takardar ɗaukar aiki, ka tashi da sassafe ka sami abin da hannunka zai taɓa: ɗinki, gyaran waya, noman rani a bakin gulbi, ko koyar da yaran unguwa. Gajiyar aiki tana kawo barci, gajiyar tunani tana kore shi.

Zumunta kuma a ƙafa take. A Jami'ar Harvard ta Amurka an fara wani bincike tun 1938, ana bin rayuwar ɗaruruwan mutane daga ƙuruciya har tsufa, har aka shiga 'ya'yansu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, kyawun dangantaka da mutane ya fi dukiya da suna nuna wanda zai tsufa da lafiya da farin ciki. Iyayenmu mata da ke aika kwanon tuwo maƙwabta da magariba ba su jira wannan binciken ba. Kada tsada ta kashe ciyayya a gidanka, ko da kwanon ya ƙanƙance. Ka je gaisuwar mutuwa, ka je barka, ka leƙa mara lafiya. Ka shiga gida da sakin fuska, domin matarka da 'ya'yanka ba su ne suka tare hanya ba, bai kamata su biya kuɗin fushinka ba.

Ka kuma kiyayi gasa. Na ga magidanta sun ci bashi don lefe da kayan ɗaki su kai na wane, biki ya watse cikin kwana uku, bashin ya shekara yana hana su barci. Abin da kake gani a Facebook da TikTok ranar ado ce ta mutane, ba wanda ke ɗora hoton ranar da mai bashi ya yi masa sallama. Mu ma tsofaffi muna da tamu cutar: mu zauna muna ta zancen Gusau ta da, ta jirgin ƙasa, ta auduga da gyaɗa da masaƙa, har mu sa ku ji kamar an gama rabon alheri kafin a haife ku. Ba a gama ba. Ku ɗauki darasi daga labarinmu, ku bar mana kewar.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka raina shi. Akwai baƙin cikin da ya wuce nasiha. Idan mutum ya yi makonni ba ya barci, abinci ya fita ransa, ya daina shiga mutane, yana firgita da ƙarar babur, ko ya fara cewa gara ya mutu, wannan ciwo ne kamar ciwon suga, ba raunin imani ba ne. An fi ganin sa ga waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa da matan da aka kashe mazajensu a gabansu. Kada ka ce masa "ka yi tawakkali" ka juya baya, kada kuma ka bari ya nemi sauƙi a ƙwaya. A yi addu'a, a kuma kai shi ga likita: akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai Asibitin Yariman Bakura, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato. Idan ɗan'uwanka ne ya dawo daga daji, kada ku tara masa jama'a ana ta tambayarsa yadda aka yi. Ku ba shi abinci, ku bar shi ya yi barci, wani ya riƙa kwana kusa da shi, ranar da ya so magana ku saurara ba tare da katse shi ba. Idan kuma kai ne abin ya kama, ka faɗa wa wanda ka yarda da shi tun yau, ya raka ka asibiti.