Burodin da Ake Ɓoyewa a Ƙarƙashin Matashi

A watan Disamba na 1989 mulkin Nikolai Caushesku ya faɗi a Romaniya, ƙofofin da aka daɗe ana rufewa suka buɗe, duniya ta ga abin da ke cikin gidajen marayun ƙasar. Tun 1966 gwamnatinsa ta haramta zubar da ciki, ta matsa wa mata su yi ta haihuwa don ƙasa ta cika da ma'aikata. Da talauci ya yi tsanani a shekarun 1980, lokacin da ake kwashe abinci zuwa waje don biyan bashi, sai iyaye suka riƙa miƙa wa hukuma 'ya'yan da suka kasa ciyarwa. Yara fiye da 100,000 aka tarar a waɗannan gidaje, kuma yawancinsu iyayensu na raye. Ma'aikaciya ɗaya ce ke duba jarirai cike da ɗaki. Babu mai goyo, babu mai rarrashi.

Iyalai daga Ingila da Amurka da wasu ƙasashe suka yi ta zuwa ɗaukar yaran. Ba duka aka yi da tsabta ba. Dillalai sun shigo, kuɗi ya yi aiki, an raba wasu uwaye matalauta da 'ya'yansu da daɗin baki, har ta kai Romaniya ta dakatar da fitar da yara a 2001. Kada mai bi ya kau da ido daga wannan don labarin ya yi daɗin ji. Amma akwai waɗanda suka je da zuciya ɗaya, kuma abin da suka tarar bayan sun koma gida shi ne bimbininmu na yau.

Alƙali ya sa hannu, an buga hatimi, yaro ya samu sabon suna da fasfo. A wajen shari'a magana ta ƙare, ɗa ne, magaji ne. Shi yaron kuwa bai san an yi ba. Iyayen da suka ɗauki yara daga irin waɗannan gidaje suna yawan ba da labari iri ɗaya: za a ci abincin dare a ƙoshi, da safe uwa ta zo gyaran gado ta tarar da guntun burodi a ƙarƙashin matashi, wani a aljihu, wani ya yi fumfuna a bayan akwati. Ɗakin girki cike yake, amma cikin yaron bai yarda ba tukuna. Wani kuma in an je kasuwa sai ya kama hannun duk baƙon da ya yi masa murmushi, ya bi shi ko waiwaye babu. Mutane su ce kai, wannan yaro akwai son jama'a. Uwar ce kaɗai ta san abin da ke ci mata rai: a wurinsa ita da baƙon duk ɗaya ne, don bai taɓa samun wanda yake nasa shi kaɗai ba.

Likitan ƙwaƙwalwar yara Michael Rutter da abokan aikinsa sun bi sawun yara 165 da aka kai Ingila daga Romaniya, tun suna ƙanana har suka zama samari da 'yan mata. Waɗanda aka fitar kafin su yi wata 6 a gidan marayu sun tashi kusan kamar sauran yara. Waɗanda suka daɗe sun yi ƙiba, sun yi tsawo, sun koyi sabon harshe da sauri, amma da yawansu wannan rashin sanin na gida da na waje ya bi su shekara da shekaru. Jiki yakan riga zuciya warkewa.

Buɗe Littafin Fitowa sura 16 da safen nan, ɗan'uwa, ka ga mutanen da Allah ya riga ya kira ɗansa tun suna bauta a Masar. Dare ɗaya ya fitar da su. Wata ɗaya bayan nan, a jejin Sin, sun fara begen tukwanen naman gidan bauta. Allah ya sauko musu da manna, ya kafa sharaɗi mai sauƙi, kowa ya ɗebi na yini ɗaya, kada a bar saura ya kwana. Wasu suka ɓoye. Gari ya waye ya yi tsutsa, ya yi wari, Musa ya fusata.

Mun saba karanta wurin nan muna kaɗa kai, muna cewa taurin kai ne. Ni dai ina ganin har da tsoro. Mutumin da aka haifa bawa, ubansa ma bawa, ya koyi cewa abin da ke hannunka yanzu shi ne naka, alkawarin gobe na masu iko ne, kuma masu iko ba su cika alkawari. Ɓoye manna hikimar Masar ce. A can ta raya su, a nan kuwa ta zama tsutsa. Haka kuma da Musa ya daɗe a kan dutse suka kasa jira, suka kama hannun da ya fi kusa, wato ɗan maraƙin zinariyar da Haruna ya ƙera musu.

Dubi yadda Allah ya bi da su. Da ya so, da ya zuba musu abincin shekara a rumbu, hankalinsu ya kwanta. Bai yi haka ba, domin mai rumbu yakan dogara ga rumbu. Sai ya sa su fita kowace safiya, ban da Asabar, su tarar ya riga su zuwa. Shekara 40 ana haka, har suka ci amfanin ƙasar Kan'ana. Addu'ar da ke cikin Nehemiya sura 9 ta tuna cewa ko bayan maganar maraƙin, Allah bai janye musu manna ba. Ka yi tunanin wannan safiya: jiya sun yi wa gunki rawa, yau sun leƙa waje da kunya, ga abinci a ƙasa kamar kullum.

Masu ba iyayen riƙo shawara ma abin da suke faɗa ke nan. Kada a doki yaro don ya ɓoye abinci, kada a kunyata shi. A ba shi a kan lokaci, yau da gobe da jibi, daga hannu ɗaya, har ranar da zai manta bai ɓoye ba. Wannan rana ba ta zuwa da wa'azi, kuma babu wanda ya isa ya hanzarta ta.

Bulus ya rubuta wa Romawa, a sura 8, cewa Ruhun da muka karɓa na 'ya'ya ne, ba na bautar da ke mayar da mutum cikin tsoro ba. An gama wannan magana a kan gicciye, ba ta jiran yadda ka ji da ka farka. Amma ka duba ƙarƙashin matashinka. Wani kuɗi ne ya ɓoye da ya kamata ya kai wa gwauruwar da ke maƙwabtaka da shi. Wata ta riƙe layar da kakarta ta ba ta, wai ko da a ce. Wani yana bin kowane mai annabci da ya kafa rumfa a gari, don jiran Uba ya yi masa tsawo. Wani kuma ayyukansa na kirki yake tarawa, yana tsoron ranar da za a ce ya tattara nasa ya koma inda ya fito.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka san inda muka fito da abin da yunwa ta koya mana. Ka nuna mana abin da muka ɓoye, ka ba mu ƙarfin fito da shi. Ka ba mu abincin yau. Ka tuna da yaran da ke kwance a gidajen marayu da safen nan, da uwayen da talauci ya raba da 'ya'yansu, da iyayen riƙon da suka gaji da jiran yaro ya kira su da sunan da suke marmarin ji. Ka ƙara musu haƙuri irin naka. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.